Shekara Guda Ina Farautar Tsofaffin Agoguna Tsakanin Gaya Da Ajingi

 

Kafin na ce komai, ku ɗan saurara. Kun ji wannan cak-cak-cak ɗin? Masu karantawa a rubuce sai dai ku yi haƙuri, agogo ne na kara a bakin makirfo. Ba batir a cikinsa, ba a cajinsa, kuma ya girme ni nesa ba kusa ba. Sau shida yake bugawa a kowane sakan. Wannan watan na cika shekara guda cif ina bin tsofaffin agoguna, shi ya sa na ce yau zan zauna na ba ku lissafin abin da na samu, da abin da na yi asara, da kuma wani guda ɗaya da na samu na mayar da hannuna. Har yanzu in na tuna shi sai na ji wani abu ya tsaya min a ƙirji.

Abin ya faro ne bara da hunturu, a gidanmu na Gaya. An buɗe adakar kakanmu, Allah ya jiƙansa, ana raba ɗan abin da ya rage. Manya suka ɗauki riguna da huluna, ni da nake ƙarami aka miƙo min wani agogo Seiko 5 da gilashinsa duk ya karce, aka ce ai ga naka. Na karɓa dai don kada a ce na raina. Bayan kwana biyu na kai wa wani dattijo mai gyara, mai ɗan teburi da akwatin gilashi a bakin kasuwa, na ce Baba a sa min batir.

Ya dube ni ta saman tabarau, ya yi murmushi. Bai ce komai ba, ya riƙe agogon ya girgiza shi kamar mai kaɗa fura, ya miƙo min. Wallahi sai ga hannun sakan yana tafiya. Agogon da ya shekara biyu a ƙasan adaka! Ya ce, "Ɗana, wannan ba ya cin batir, motsinka yake ci." Ya buɗe bayan ya nuna min wani ƙarfe mai siffar rabin wata da yake juyawa duk lokacin da ka motsa hannu, shi yake ɗaure sifirin, sifirin kuma ya riƙa sakin ƙarfinsa kaɗan-kaɗan. Shi ne otomatik.

Ina tsaye sai idona ya kai kan wani gwangwanin madara cike da matattun agoguna. A sama akwai wani mai maɓalli biyu a gefe, da wani ɗan ƙaramin da'ira a cikin fuskarsa. Na ce Baba wannan fa? Ya ce, "A'a, wannan na manya ne." Daga ranar na kamu.

Sunansa kuronogiraf. A sauƙaƙe, agogo ne da aka haɗa masa na'urar awon gudu. Ka danna maɓallin sama, dogon hannu ya tashi. Ka ƙara dannawa, ya tsaya. Ka danna na ƙasa, ya koma kan 12 fit, kamar an mare shi. Ƙaramin da'irar nan kuma ita ke ƙirga mintocin da suka wuce. Na san wani zai ce to ai wayata ma tana yi. Gaskiya ne. Amma wayarka da lantarki take yi, shi kuwa da ƙananan ƙarafa masu haƙora da sifirin da bai kai kaurin gashi ba.

Kuma abin da zai ba ku mamaki, sukuwar dawaki ce ta fito da sunan. A 1821 wani maƙerin agogo a Faransa mai suna Nicolas Rieussec ya ƙera na'urar auna gudun dawaki a birnin Paris. Doki na isowa sai a danna, ta ɗiga tawada a kan fuskar agogon. Shi ya sa sunan a harshen Girka yake nufin mai rubuta lokaci. Daga nan ya shiga hannun matuƙan jirgin sama, da masu tseren mota, da likitoci masu ƙirga bugun zuciya.

Shekarar da masu wannan harka ba sa mantawa ita ce 1969. A shekarar ne Buzz Aldrin ya taka duniyar wata da Omega Speedmaster ɗaure a hannu, a tafiyar Apollo 11. E, Afolon nan dai da muke kiran ciwon ido da shi, don a shekarar cutar ta ɓarke a Afirka ta Yamma. A shekarar ne kuma kamfanoni suka yi rige-rigen fito da kuronogiraf mai otomatik na farko: Zenith na Suwizalan da nasa El Primero, gungun su Heuer da Breitling da nasu, sai Seiko na Japan da inji mai lamba 6139. Ku riƙe wannan lambar, za mu dawo kanta. Abin dariyar, ranar 25 ga Disamba na wannan shekarar dai, Seiko ɗin ya fito da Astron, agogon hannu mai batir na kwaz na farko da aka sa a kasuwa. Shi ya buɗe ƙofar da ta kusa kashe agogon inji gaba ɗaya. Zuwa lokacin da Casio F-91W ya fito a 1989, wannan baƙin na roba da kowannenmu ya taɓa ɗaurawa a firamare, an riga an tura na inji cikin adaka.

To ta yaya irin waɗannan suka zo har Gaya da Ajingi? Baba mai gyara ya ce hanya uku ce. Ta farko kuɗin gyaɗa, lokacin da ake dala a Kano, manomi in ya sayar da kaka sai keke, sai rediyo, sai agogo. Ta biyu kuɗin Udoji, ƙarin albashin da aka biya ma'aikata da ariyas a 1975, malaman makaranta da ma'aikatan En'e suka shiga kantuna. Ta uku, wadda ta fi yawa, tsarabar Makka. Shekarun 1970 naira na da ƙarfi, alhazai na tafiya ta jirgin sama, ba wanda zai dawo daga Jidda ba agogo. Shaidar tana nan a fuskar agogunan: ka duba gurbin rana, za ka ga da yawa da Larabci aka rubuta ranakun mako, don kasuwar ƙasashen Larabawa aka yi su.

Da na ji haka sai lissafi ya zo min. Na ce ashe dukiya ce kwance a ƙauyukanmu ba wanda ya sani. Ku lura da wannan tunanin nawa, don shi ne ya kusa kai ni ya baro.

Amma kafin nan sai da na biya kuɗin makaranta. Na farko da na saya, a Instagram na gani, hoto kamar ka lasa. Aka aiko min ta tashar mota. Na danna maɓalli, shiru. Na ƙara dannawa, shiru. Na kai wa Baba, ya sa ɗan tsinke ya taɓa ƙananan hannayen, ashe manna su aka yi da gam, ado ne kawai. A ciki ɗan injin batir ne da bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Baba ya ce, "Araha ba ta ado." Ban gaya masa cewa ba da araha na saya ba.

Na biyu a cikin birni na saya, wajen Sabon Gari. Shi injinsa na gaske ne, amma fuskar fenti aka sake mata, hannayen na wani agogo ne, murfin bayan na wani daban. Haɗin gambiza. Irinsu sun cika intanet, da yawa daga Indiya ake haɗo su, har masu harkar suna musu laƙabi da sunan birnin Mumbai. In ka ga agogon da aka ce ya shekara 50 amma fuskarsa na ƙyalli da kalar da ba ka taɓa gani ba, riƙe kuɗinka.

Ga abin da asarar nan ta koya min, ku ɗauka kyauta. Ka danna maɓallan da hannunka kafin ka biya, ka ga dogon hannun ya koma kan 12 daidai, ba kusa da 12 ba. Ka sa a buɗe bayan a gabanka, lambar da ke jikin inji ta dace da wadda ke kan murfi. In Seiko ne, akwai wata lamba mai tsawo a bayan: ta farko shekara ce, ta biyu wata. Oktoba, Nuwamba da Disamba da haruffa ake sa su, O da N da D. In ka san shekarun da aka yi irin wannan injin, ka san ranar haihuwar agogonka ke nan. Sannan in ka mallaka, ka cire shi kafin alwala, don robar da ke tare ruwa ta daɗe da mutuwa. Ƙurar hunturu ma abokiyar gaba ce. Kada kuma ka canza kwanan wata tsakanin ƙarfe 9 na dare da 3 na asuba, lokacin haƙoran canza kwana sun riga sun kama aiki, kana iya karya su.

Akwai daɗi fa a ciki, kada ku ce duk kuka ne. Lambobin nan da ke zagaye da bakin agogon, da na ɗauka ado ne, ashe awon gudu ne. Ni da abokina muka auna kilomita ɗaya da taswirar waya a hanyar Wudil, daga wata kuka zuwa wani kwalbati. Yana tuƙi ina baya. Na danna a kuka, na tsayar a kwalbati, hannun ya tsaya kan sakan 60, lambar gefen ta nuna 60. Wato kilomita 60 a awa. Da sakan 45 muka yi, da 80 za ta nuna. Babur ɗin nasa ko sifidomita ba shi da ita, amma agogon da ya girmi ubansa a aure ya faɗa mana gudunmu. Don Allah kada wani ya je ya yi tsere ya ce ni na sa shi.

To yanzu ga labarin da ya sa na yi wannan kashin.

Bayan babbar sallah, damina ta kankama, labari ya bazu cewa akwai wani yaro a Gaya da ke sayen matattun agoguna. Wata rana wani matashi ɗan acaba daga wani ƙauye a ƙasar Ajingi, ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, ya same ni. Ya zaro abu daga aljihu a ƙunshe cikin leda. Ina buɗewa gabana ya faɗi. Fuska ruwan ɗorawa, baki ja da shuɗi, maɓalli biyu. Seiko 6139 ne, irin wanda masu tarawa ke kira Pogue, saboda wani ɗan sama jannatin Amurka, Kanar William Pogue, ya tafi da irinsa tashar Skylab a 1973, ya yi kwana 84 a sararin samaniya. A kasuwannin waje ɗaruruwan daloli ake sayar da mai kyau. Ku da kanku kun san abin da dala ta zama.

Ya ce, "Yaya, ya mutu fa, dubi hannun ko motsi ba ya yi. Ko dubu takwas ka ba ni na sa taya."

Ni kuwa na san bai mutu ba. Shi wannan injin ba shi da hannun sakan na kullum, dogon hannun na awon gudu ne, in ba a danna ba a tsaye yake. Kuma ba a yi masa wani da hannu, sai an girgiza. Na san duk wannan. Na juya bayan na ga lambar ta fara da 5 da 3, wato Maris na 1975. Ranakun da Larabci. Na haɗiye yawu, na ce to ba komai, zan taimaka maka. Kun ji fa, wai taimaka masa zan yi. Na ƙirga dubu takwas na ba shi, har yana min godiya.

Yana tafiya na girgiza, na danna. Ya tashi.

Washegari da sassafe na kai wa Baba ya wanke min inji ya sa mai. Ina ta zumuɗi, ina jiran ya yaba min. Ya juya shi, ya juya shi, ya ce, "Nawa ka saya?" Na faɗa. Ya ce, "A hannun wa?" Na faɗa. Ya ce, "Na waye?" Na ce na mahaifinsa ne, ya rasu. Ya cire tabarau ya ajiye. Ya ce, "An raba gadon?"

Jama'a, ban tambaya ba. Kuma ba mantuwa na yi ba, ban so na ji amsar ba ne.

Baba ya ce zai gyara, don agogon bai yi laifin komai ba. Amma ya ce, "Ɗana, shekara 40 da wani abu mutane na bar min agogunansu a teburin nan ba rasit. Da ina cin rashin sanin mutane, da na yi gidan sama. Kai dai ka je ka yi tunani."

Sati uku na yi da agogon nan. Na ɗauke shi hoto ya fi sau 50, ban iya sa ko ɗaya a shafina ba. Na yi ta kawo wa kaina hujja: ai shi ya yanke kuɗin, ai ban tilasta shi ba, ai da wani ya samu da ko dubu biyar ba zai ba shi ba. Amma duk lokacin da na ɗaura sai na tuna kalmar nan da na faɗa, zan taimaka maka. Ranar wata Asabar na hau babur na nufi ƙasar Ajingi, hanya duk taɓo, gero ya kai kafaɗa.

Na samu babban yayansa a zaure. Da na yi bayani, da farko kallon ɗan damfara ya yi min, don a ganinsa ba mai hankalin da zai dawo da abin da ya saya. Sai ya shiga ciki, ya fito ya ce Inna na kira.

Tsohuwa ce, tana zaune kan tabarma a ƙofar ɗaki. Na durƙusa na gaishe ta, na miƙa mata. Ashe wata biyu tana nemansa, har ta fara zargin jikokinta. Ta karɓa ta kara a kunne, ta daɗe ba ta ce komai ba. Sai ta ce, "Ɗan nan, kai ka tashe shi?" Na ce a'a Inna, wani dattijo ne a Gaya.

Ta ce Alhaji da shi ya dawo daga Makka, bai fi wata biyu da dawowa ba aka kashe Murtala. Ku duba lissafin: an ƙera shi a Maris na 1975, aikin hajjin shekarar ya faɗo a Disamba, Janar Murtala kuma ranar 13 ga Fabrairu 1976 aka kashe shi. Abin da ke rubuce a ƙarfe da abin da ke kan tsohuwa suka zo daidai, ita ko boko ba ta yi ba.

Na ce Inna, me Alhaji yake aunawa da maɓallin nan? Sai ta yi dariya har da tafa hannu. Ta ce kun san da in babba zai aiki yaro, sai ya tofa yawu a ƙasa ya ce ka dawo kafin ya bushe. To shi Alhaji tunda ya samu agogon nan ya daina tofa yawu. Sai ya ɗaga hannu ya danna a gaban yaro, ya ce minti goma. Yayan da ke tsaye, mutum mai furfura a gemu, ya ce, "Wallahi har yau in na ji ƙarar dannawar nan sai ƙafata ta yi ƙaiƙayi."

Na gaya musu gaskiyar kuɗinsa a kasuwa. Kuma a nan zan gaya muku abin da ba a faɗa a irin wannan labarin: ba a rabu ana tafi ba. Autan nan ya sha faɗa, har yau in mun haɗu a hanya ɗauke kai yake. Da suka ji kuɗin, wani ya ce a sayar a raba, wani ya ce ba mai sayar da agogon ubansa. Wato na kai musu agogo, na kuma kai musu magana. Sun haɗa dubu takwas ɗina sun ba ni, kuɗin gyara kuwa na ce sun ci. Na ce in sun yanke shawarar sayarwa su kira ni, zan nemo musu mai saye da kuɗinsa na gaskiya, don ni ba ni da su. Har yau ba su kira ba. Labarin da na samu, yana wajen Inna, kullum da safe sai ta girgiza shi don kada ya tsaya.

Ga lissafin shekara. Agogo bakwai suka shigo hannuna. Biyu jabu. Ɗaya na mayar. Biyu sun mutu murus, Baba na cire kayan gyara a jikinsu. Saura biyu: Seiko 5 na kakana, da wancan mai maɓalli biyu na cikin gwangwanin madara, wanda Baba ya yi wata huɗu yana haɗa shi, ya sayar min bayan ya zauna ya lissafa min duk aibinsa ɗaya bayan ɗaya. Shi kuka ji a farkon shiri. Fuskarsa ta koɗe, ba wanda zai ba ni dala a kansa, amma ina ɗaura shi ba na waige.

Abu na ƙarshe da ke damuna shi ne Baba kansa. Idonsa ya fara rauni, aikin da yake yi a awa ɗaya yanzu sai ya wuni. Ba shi da yaro ko ɗaya. Duk wanda aka kawo masa sai ya gudu Farm Centre koyon gyaran waya, kuma ba na ganin laifinsu, can kuɗin yake. Amma ku tuna, tarihin da ake ba mu ya ce maƙeri ne mai suna Kano ya taso daga Gaya ya je Dutsen Dala neman tama. Garin da ake danganta shi da maƙeran farko, yau ana neman wanda zai iya buɗe bayan agogo a rasa. Ni dai na fara zuwa duk Asabar ina zama a gefen teburinsa. Zuwa yanzu na iya cire murfi da fito da inji, na kuma ɓatar masa da ƙananan noti guda uku.

Don haka ga roƙona. In akwai tsohon agogo a gidanku, kada ku yar, kada ku ba yara su fasa. Ku girgiza shi tukuna. Ku juya bayan ku karanta lambar. Sannan ku je wajen tsohuwa ko tsohon da ya rage a gidan ku tambaye shi wa ya kawo shi, a wace shekara, tun suna nan. In kuma kai ne mai saye, ka tambayi abin da ni na ƙi tambaya: na waye, kuma an raba?

A nan za mu dakata. Allah ya jiƙan magabatanmu, mu kuma ya sa mu cika da kyau. Sai mun haɗu a kashi na gaba. Wassalamu alaikum.